Koren Ruwa a Kan Kwalta

Sufeto bai kai ga kurɓar shayinsa ba wayar ofis ta yi ƙara. An tsinci gawar mutum a titin da ya bi ta bayan masana'antar katako, dab da kwana.

Ya tarar Saje ya riga shi isa, yana ta kora 'yan kallo baya. Mamacin na kwance a bakin kwata, an rufe shi da zane. Kekensa na tsakiyar titi, tayar gaba ta lanƙwashe. Burodi ya warwatsu a kan kwalta, wani a leda, wani an tattake.

"Wane ne?" in ji Sufeto.

"Mai raba burodi ne, yallaɓai. Duk masu shagunan layin nan sun san shi. Ta nan yake bi kullum da sassafe."

"Wa ya ga abin da ya faru?"

"Kowa cewa yake bayan an gama ya zo. Ka san halin mutane, idanu birjik, shaida babu."

Likitan 'yan sanda ya miƙe daga wurin gawar yana cire safar hannu.

"Mota ce ta buge shi," ya ce. "Amma ba nan take ya cika ba. Dubi sawun nan. Da kansa ya ja jiki daga tsakiyar titi zuwa gefe. Jini ne ya ƙare masa. Da an kai shi asibiti, da yanzu yana kan gado yana zagin direban."

Sufeto ya taka zuwa inda keken yake, ya tsuguna. Kusa da tayar akwai wani ruwa kore da bai gama bushewa ba. Ya dangwala da yatsa ya shinshina.

"Ruwan lagireto," ya ce. "Motar ma ta ji jiki."

Can gefe ya tsinci wani guntun baƙar roba mai lanƙwasa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Ya juya shi, ya jefa a leda, ya sa a aljihu.

Koren ruwan bai tsaya nan ba. Ɗigo-ɗigo ya bi titi ya sha kwana.

"Saje, zo mu taka. Motar da ke zubar da ruwa haka ba ta nisa."

Suka bi ɗigon a ƙasa, suka wuce gidan mai, suka wuce wata makaranta, har bakin wani lambun sayar da furanni. A nan ɗigon ya zama tabki. Mai lambun, wata mata mai faffaɗar hula, tana tsaye riƙe da ƙugu tana duban tukwanenta.

"Gara da kuka zo," ta ce tun kafin su yi sallama. "Ku dubi abin da aka yi min. Layi guda na furanni an dafa min su kamar ganyen miya."

Tukwanen da ke bakin titi duk ganyensu ya yi laushi ya baƙanta.

"Kin ga wanda ya yi?"

"Ina tahowa daga can na hango wata mota ruwan toka tana tashi daga nan, tururi na fita ta gabanta. Kafin in ƙaraso ta ɓace. Ban ga lamba ba, ban ga na ciki ba. Butar ban ruwana na tarar a yashe, an juye ta tas. Sai kuma wannan, a cikin tukunya ta can ƙarshe."

Ta miƙa masa wani murfin ƙarfe mai kunnuwa biyu. Sufeto ya dubi tabkin, ya dubi tukunyar da ta nuna. Akwai tazara mai kyau.

"Da zafinsa aka buɗe," ya ce wa Saje. "Tururi ne ya fizge murfin ya cilla shi can."

"Har bokitina bai tsira ba," in ji matar. "Wanda nake jiƙa dashe a ciki. Duba ka gani."

Wani kore-kore mai maiƙo na yawo a saman ruwan bokitin. A gefensa, kan ƙasa mai laushi, akwai gurbin gwiwoyi biyu. Sufeto ya daɗe yana kallon wurin.

A caji ofis suka tarar da matar mamacin zaune a benci, goye da yarinya. Ba kuka take yi ba. Hular mijin ce a hannunta, tana ta murza ta.

"Yallaɓai, an ce ya daɗe a kwance kafin ya cika. Gaskiya ne?"

Sufeto ya so ya kauce wa tambayar, amma idonta na kansa.

"Gaskiya ne."

"Kuma wanda ya buge shi ya gan shi?"

"Shi nake so in sani."

"In ka sani, ka zo ka gaya min. Ko mene ne, ka gaya min."

Ya ce zai zo.

Daga nan ya aiki Saje layin masu sayar da kayan mota, ya tambayi ko akwai wanda ya sayi lagireto da fanka da murfi a tare da safen nan. Kafin rana ta take Saje ya bugo.

"Yallaɓai, an samu. Wani bakanike ne a bayan tashar manyan motoci. Mai shagon ya ce ko tayi bai yi ba, sauri yake."

Garejin rumfar kwano ce mai rami ɗaya. A kan ramin akwai mota ruwan toka, bonet a ɗage, an cire bambar gaba. An wanke gabanta fes, sauran jikin kuwa ƙura ce. Bakaniken ya fito daga ƙarƙashi yana goge hannu. Da ya ga kaki sai murmushinsa ya yi yawa.

"Sannu da zuwa, oga. Mota ce ta ba da matsala?"

"Wannan ce. Me ke damunta?"

"Zafi kawai take yi. Ba wani abu ba ne."

"Me ya jawo zafin?"

"Tamostat ne ya maƙale. Ka san shi ne ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi. In ya ƙi buɗewa, sai allurar zafi ta hau ja."

"Na sani. Tsohuwar motata ta sa ni wannan karatun dole. Ina tsohon tamostat ɗin?"

Bakaniken ya ɗauko shi daga kan benci. A lungu akwai butar shayi a kan risho tana tafasa. Sufeto ya juye ruwan a wani gwangwani, ya jefa tamostat ɗin ciki. Su uku suka zuba ido. Ba a jima ba bakin ƙarfen ya buɗe a hankali.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Sufeto. "Sai mu duba wani wurin."

"To, ƙila tiyo ne ke yoyo."

Sufeto ya matsa tiyon sama, ya matsa na ƙasa. Babu tsaga, maɗaurinsu daram. Ya danna bel ɗin famfon ruwa da babban yatsa, ya ji shi a ɗaure. Ya leƙa ƙarƙashin famfon, a bushe yake.

"Ba tiyo ba ne, ba famfo ba ne. Amma na ga sabon lagireto da sabuwar fanka. Tamostat ne ya ci tsofaffin?"

"Mai motar ne ya ce a canza komai, hankalinsa ya kwanta."

"Ina tsofaffin?"

"Masu gwangwan sun kwashe."

Saje, wanda tun ɗazu yake zagaya rumfar, ya sa ƙafa ya yaye wani tamfol a bayan tulin tayoyi.

"Masu gwangwan sun yi mantuwa, yallaɓai."

Tsohon lagireton ya lotsa ciki daga tsakiya, kamar an naushe shi. Ta baya akwai doguwar tsaga inda fanka ta yanke shi. An cusa tsumma a bakinsa maimakon murfi. Fankar na kusa, fiffike ɗaya ya karye.

Sufeto ya ciro guntun robar daga aljihu ya kara a wurin karayar. Ya zauna cif. Ya zare tsumman, ya ɗora murfin da aka tsinta a lambu, ya murɗa. Shi ma ya zauna.

Murmushin bakaniken ya ɗauke.

"Buɗe min murfin baƙin mai," in ji Sufeto.

Ya buɗe. Ƙarƙashin murfin ya yi fari-fari kamar shayi da madara.

"Kai ne gwani. Me wannan ke nufi?"

"Gaskit ya ƙone," bakaniken ya ce da ƙaramar murya. "Ruwa ya shiga mai. An yi tafiya da ita ba ruwa har inji ya mutu da kansa."

"Wato wani ya bugi abu da gabanta, lagireto ya koma baya, fanka ta yanke shi, ruwa ya tsiyaye. Duk da haka bai tsaya ba sai da mota ta tsayar da shi. Haka ne?"

"Haka ne, oga."

"Abin da ya buga mutum ne, kuma ya mutu. Kai kuma ka wanke gaban motar."

Bakaniken ya zauna a kan taya ba shiri.

"Wallahi ce min aka yi akuya ce. Wani mai kantin tayil ne ya sa motar janwe ta kawo ta, shi da direbansa. Ya ce in gama kafin yamma, duk wanda ya tambaya in ce zafi take yi."

"Ka taɓa kujerar direba?"

"Ban ko shiga ba. Turo ta muka yi kan rami, ni ina riƙe da sitiyari ta taga."

Sufeto ya buɗe ƙofa ya gwada zama. Gwiwarsa ta daki sitiyari. An matso da kujerar gaba har ƙarshe.

Gidan mai kantin tayil bene ne mai baƙin get. Maigidan da kansa ya shigar da su falo. Ƙato ne mai tumbi, yana ta share zufa duk da fankar sama na juyawa. Matarsa, 'yar gajeruwa, ta tsaya a ƙofar kicin, hannuwanta cikin mayafi.

"Ai da ma yanzu nake shirin zuwa wajenku," in ji maigidan. "Direbana ya gaya min komai. Tsoro ne ya sa ya ce akuya ce da farko."

Ya ƙwala kira. Direban ya shigo, dogo siriri, sai da ya ɗan sunkuya a ƙofa. Ya durƙusa a kan kafet.

"Ni ne, yallaɓai. Ni na buge shi. A tafi da ni."

"Ban tambaye ka ba tukuna."

"Ni ne dai."

"Ina za ka da sassafe?"

"Shan mai."

"Ka wuce gidan mai bayan ka buge shi. Me ya sa ba ka tsaya can neman ruwa ba?"

Direban ya saci kallon maigidansa.

"Na rikice."

"Ni za ka kalla. Da allura ta hau ja, me ka yi?"

"Na faka, na kashe inji, na ɗaga bonet. Na jira ta huce. Sannan na sa tsumma na murɗa murfin kaɗan, iska ta fita, na buɗe na zuba ruwa."

"Haka ake yi. Murfin fa?"

"Na mayar na ɗaure."

Sufeto ya ciro murfin ya ajiye a kan teburin gilashi. Ƙararsa ta cika falon.

"A cikin tukunyar fure aka tsince shi. Wanda ya buɗe lagireton nan bai jira komai ba. Da tafasarsa ya murɗe, ruwan ya yi tsiri ya dafa furannin mutane. Shi kuma ya durƙusa ya tsoma hannu a bokiti. Miƙo hannuwanka."

Direban ya miƙa. Sufeto ya juya su ciki da bai, ya ture hannun rigar har gwiwa. Ko ƙurji babu.

"Kuma in kai ka zauna a kujerar nan yadda na same ta, sai an kira kafinta ya fito da kai. Wa kake karewa?"

Direban ya sunkuyar da kai.

"Maigida, naka hannun."

"Haba, Sufeto, ni da mutuncina..."

"Mutuncin ba zai zube ba. Naɗe."

Ya naɗe. Babu komai. Da ma Sufeto bai sa ran komai ba, don tumbin nan ba zai shiga bayan wancan sitiyarin ba. Ya juya ga matar gidan.

"Kin iya mota?"

"Na iya," ta ce. "Amma yau ban fita ba."

"In ga hannuwanki, don Allah."

"Ka bar iyalina daga ciki," in ji maigidan, ya miƙe tsaye.

Saje ya matso taku ɗaya. Maigidan ya koma ya zauna.

Ta fito da hannuwan a hankali. Babu ƙuna. Amma a gefen farcenta da tsakanin yatsu akwai wani farin man shafawa da bai gama fita ba. Sufeto ya san warinsa.

"Maganin ƙuna ne wannan."

"A kicin na ƙone."

"A ina? Nuna min wurin."

Ta mayar da hannuwan cikin mayafi. Hawaye ya gangaro mata.

"Wa kika shafa wa?"

"Babu kowa a gidan nan sai mu," maigidan ya yi sauri ya ce. "Yara na makaranta. Sai mahaifina, shi kuwa tsoho ne, idonsa ya yi rauni, ko get ba ya zuwa."

"To, tunda babu kowa, da ita zan tafi. Tsawonta ya dace da kujera, maganin na hannunta. Sauran bayani ta yi shi a ofis."

Aka ji ƙarar sanda a kan tayil daga cikin lungu.

"Ku rabu da yarinyar nan."

Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne ya fito, sanye da tabarau mai kauri, yana lalube bango da kafaɗa. Hannunsa na dama a naɗe yake da bandeji tun daga yatsu har gwiwa. Gefen wuyansa ya yi ja, fatar ta tashi.

"Baba, ka koma ciki," in ji maigidan. "Na ce maka zan ji da komai."

"Ka ji da shi, na gani. Ka sa bawan Allah ya ɗau laifina, yanzu kuma matarka za a tafi da ita. Wane ne Sufeton a cikinku? Duk inuwa nake gani."

"Ga ni nan, Baba. Zauna."

Direban ya tashi ya kama shi ya zaunar. Dattijon ya dafa kan direban da hannun hagu.

"Ni na koya wa wannan tuƙi. Shi ya sa yake son ya shiga kurkuku a madadina. Ba shi da laifi sai biyayya."

"Kai ka tuƙa motar da safen nan?"

"Ni ne."

"Da wannan idon?"

"Da shi. Tun da likita ya ce idona ya gama aiki ɗana ya karɓe makulli. Gaskiyarsa ce. Amma ni da na yi rayuwata a bayan sitiyari, sai ga ni a ɗaki ana kawo min abinci kamar kaza a keji. Akwai wani makullin da bai san da shi ba. In gari ya fara haske, kafin su tashi, sai in fita in zaga in dawo. Hanyar a kaina take. Na ce ai ba kowa a titi a lokacin."

"Yau akwai."

"Yau akwai. Ban gan shi ba sam. Ƙara kawai na ji, mota ta girgiza."

"Ka tsaya?"

Maigidan ya ce, "Baba, ka ce ka zaci akuya ce. Ai haka ka gaya min."

"Haka na gaya maka." Dattijon ya cire tabarau ya riƙe a cinya. "Na tsaya, Sufeto. Na sauke gilashi. Akuya ba ta cewa a taimake ta."

Matar gidan ta fara kuka ƙasa-ƙasa.

"Ka ji muryarsa," in ji Sufeto.

"Na ji. Na kama hannun ƙofa zan fita. Sai na tuna za a taru, a ce ga makahon da ya saci motar ɗansa. Na ce bari in je gida in turo su. Na ja mota. Ban yi nisa ba na ji warin zafi, tururi ya rufe gilashi. Allurar ma ba ganinta nake ba. Na tsaya inda na ji ƙamshin furanni, na san akwai ruwa a wurin. Ni da na sha dukan hannun yara a kan kada su taɓa murfin lagireto da zafi, ni ne na cafke shi na murɗe. Sauri nake in bar wajen."

"Gidan mai na kan hanyarka, akwai mutane. Waya na aljihunka. Me ya hana ka cewa a je a ɗauke shi?"

Dattijon ya juya tabaran a cinyarsa.

"Na yi waya. Da inji ya mutu a bakin layinmu na kira ɗana. Na ce masa mota ta lalace, na bugi akuya. Motar na yi wa waya, ban yi wa mutumin ba."

Sufeto ya dubi maigidan.

"Kai kuma yaushe ka san ba akuya ba ce?"

"Da na ga ledar burodi maƙale a bamba," ya ce, kansa a ƙasa. "Na tura direba ya duba. Ya dawo ya ce an riga an rufe shi da zane. Sufeto, ubana ne. Kai da naka ne fa?"

"Da nawa ne, da ban ba da wani a madadinsa ba. Ɗauko takalmanka, kai ma za ka bi mu. Direba ma zai zo ya ba da bayani, na gaskiya wannan karon."

Saje ya ciro ankwa, ya dubi bandejin, ya dubi Sufeto. Sufeto ya girgiza kai, Saje ya mayar da ita ƙugu.

Dattijon ya mayar da tabaransa, ya dogara sanda ya miƙe.

"Yana da iyali?"

"Yana da mata da ƙaramar yarinya."

"Ka biya da ni wajenta. In durƙusa in roƙe ta gafara."

"Ba yau ba, Baba. Yau ranar kukanta ce. Ni zan je in gaya mata abin da ka faɗa, yadda ka faɗe shi. In wata rana ta ce tana son ganinka, sai a kai ka."

Dattijon ya gyaɗa kai.

Suka fito tsakar gida. Motar 'yan sanda na tsaye a bakin get, rana na dukanta, ƙofar baya a buɗe. Dattijon ya ce ba sai an riƙe shi ba, ya san hanya. Ya taka shi kaɗai, ya fita get, ya wuce motar ta gefe ba tare da ya gan ta ba, ya nufi tsakiyar titi.

Saje ya bi shi da sauri, ya kama gwiwar hannunsa na hagu, ya juyo da shi.